Haƙƙin Baƙo A Kan Mutanen Gari: Darasi A Kan Masauki Da Ciyarwa

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, asalin wannan darasi wata tambaya ce da wani dattijo ya yi bayan sallar isha'i a ɗaya daga cikin masallatanmu na Tanut. Ya ce: "Malam, mun sha jin cewa liyafar baƙo kwana uku ce. To, wanda mota ta sauke shi a tasha, guzurinsa ya ƙare, ba ya iya ci gaba, ba ya iya komawa, har ya yi wata biyu yana kwana a gindin bangon masallaci, alhakinsa yana wuyan wa?" Aka yi tsit. Wani ya ce na hukuma ne, wani ya ce na ƙungiyoyin agaji ne. Ni kuwa na ga ya kamata a rubuta amsar a tsanake, domin a karanta a masallatan Tanut da Balbeji da Gangara da Olelewa da Falanko da sauran garuruwan Damargu, saboda tambayar ba ta gari ɗaya ba ce.

Damargu Ƙasar Hanya Ce

Kafin mu shiga hukunci, mu tuna inda Allah Ya ajiye mu. Tun zamanin kakanni wannan ƙasa tsakanin Abzin da ƙasar Hausa take, kuma ita ce rumbun hatsin mutanen arewa. Ayarin gishirin Bilma da Fashi ta nan yake bi zuwa Damagaram da Kano, ya sauke kantu da dabino, ya ɗauki hatsi. Har Baturen nan matafiyi, Barth, wanda aka sani da Abdulkarimu, ayarin gishiri na Abzinawa ya biyo ya shigo Damargu a watan Janairu na 1851, kuma a nan ne shi da abokan tafiyarsa biyu suka rabu, kowa ya kama hanyarsa. Unguwar Zango ta birnin Damagaram, inda babban attajirin nan Malam Yaro ya zauna, ba komai ya kafa ta ba illa saukar baƙin fatake a bayan ganuwa.

Mu kanmu kuma, wane gida ne a Damargu ba shi da ɗa a ƙasar wani? A farin 1973 zuwa 1974, da na 1984 zuwa 1985, dabbobi suka ƙare, jama'a suka gangara kudu da ƙwarya a hannu, wasu ba su tsaya ba sai Kano. A 1969 Gana ta kori baƙi, a 1983 Najeriya ta yi haka, kuma akwai namu a cikin waɗanda aka kora. A 2011 yaƙin Libiya ya koro dubban samarinmu da suke aiko wa iyayensu abin cefane, suka dawo da rigar jikinsu kaɗai. A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawawwakin mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara daga yankin Kance, ƙishirwa ta kashe su. Tun daga watan Disamba na 2014 kuma aka fara dawo da ƴan Nijar daga Aljeriya ayari-ayari, a biyo da su ta Asamaka da Arlit da Agadas, kuma waɗanda za a kai Damagaram hanyarsu ta ratsa tsakiyar Tanut. Saboda haka idan muna maganar baƙo, to, maganar ƴaƴanmu muke yi. Yadda muke son a karɓi namu a Sabha ko Tamanrasat ko Legas, shi ne ma'aunin da za a auna mu da shi a kan wanda ya sauka ƙofarmu.

Yadda Madina Ta Sauki Muhajirai

Al'ummar Musulmi da saukar baƙi ta fara. A shekara ta 622 Miladiyya mutanen Makka suka baro gidajensu da dukiyarsu suka iso Madina, garin manoman dabino da ba su da wata wadata mai yawa. Shi kansa Manzon Allah (S.A.W.) baƙo ne a gidan Abu Ayyub Al-Ansari (R.A.) na tsawon watanni, har aka gama ginin masallaci da ɗakunan iyalinsa. Wanda duk yake ganin zama a ɗakin wani ƙasƙanci ne, ko yake raina wanda ke zaune a zaurensa, sai ya tuna wannan.

Abin lura shi ne, ba a bar al'amarin ga tausayin wanda ya ga dama ba. An tsara shi. Manzon Allah (S.A.W.) ya ƙulla ƴan'uwantaka tsakanin Muhajirai da Ansaru, mutum da mutum, ta yadda kowane baƙo ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa, kowane mai gida kuma ya san wanda za a tambaye shi a kansa. Waɗanda ba su da iyali ba su da masauki aka ba su rumfa a ƙarshen masallaci, ita ce Suffa, kuma a cikin mazaunanta akwai Abu Huraira (R.A.), wanda a yau ba a karanta babin fiƙihu ba tare da an ambaci sunansa ba. Ta fuskar abinci, Bukhari ya ruwaito cewa an umarci mai abincin mutum biyu ya tafi da na uku daga mutanen Suffa, mai na huɗu ya tafi da na biyar ko na shida. Abubakar (R.A.) ya tafi da mutum uku, Manzon Allah (S.A.W.) ya tafi da goma. Ku duba, ba a ce a jira sai an sami rara ba. An ce a ƙara hannu ɗaya a akushin da aka riga aka zuba.

Akwai kuma mutumin Ansaru da ya tafi da baƙo gida alhali babu komai sai abincin yara. Matarsa ta lallashi yaran suka yi barci, ta tashi kamar za ta gyara fitila ta kashe ta, suka zauna cikin duhu suna nuna kamar suna ci, har baƙo ya ƙoshi. Malaman tafsiri sun ambaci wannan ƙissa a ƙarƙashin aya ta 9 ta Suratul Hashri, inda aka yabi Ansaru da son wanda ya yi hijira zuwa gare su da fifita shi a kan kansu ko da suna cikin buƙata.

Amma ƙissar da na fi son mu tsaya a kanta ita ce ta Abdurrahman bin Auf da Sa'ad bin Rabi'i (R.A.). Sa'ad ya yi masa tayin rabin dukiyarsa. Abdurrahman ya yi masa addu'ar albarka, ya roƙi a nuna masa hanyar kasuwa. Ya tafi, ya dawo da ribar ɗan cuku da man shanu, irin abin da matan Buzaye da Fulani suke kawowa kasuwanninmu. Ba a daɗe ba ya yi aure da dukiyar kansa, daga baya ya zama cikin manyan attajiran sahabbai. Haka kuma da Ansaru suka nemi a raba gonakin dabinonsu tsakaninsu da baƙinsu, Manzon Allah (S.A.W.) bai yarda ba, aka tsaya a kan yin tarayya a aiki da amfanin gona. Ashe manufar masauki da ciyarwa ita ce a riƙe mutum har ya tsaya da ƙafarsa, da mutuncinsa.

Abin Da Malamai Suka Ce

Hadisin Abu Shuraih (R.A.), wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, ya kasa al'amarin baƙo kashi uku: yini da dare na karramawa ta musamman, kwana uku na liyafa, abin da ya wuce haka kuma sadaka ne. A nan ne mutane da yawa suke kuskure, su ɗauka cewa ranar ta huɗu ranar kora ce. A'a. Sunan abin ne ya sauya daga liyafa zuwa sadaka, ladan bai yanke ba.

Malamai sun saɓa a kan ko liyafa wajibi ce. Laisu bin Sa'ad da Imamu Ahmad sun wajabta ta yini da dare. Imamu Malik da mafi yawan malamai suna ganin sunna ce mai ƙarfi, kuma an ruwaito daga Malik da Sahnun cewa ta fi rataya a kan mutanen ƙauye, domin a birni matafiyi yana samun masaukin haya da kasuwar abinci. Na ji wasu suna fakewa da wannan magana, suna cewa ai Tanut birni ne. To, a dubi dalilin hukuncin. An sauƙaƙa wa mutanen birni ne saboda baƙo yana da inda zai je da kuɗinsa. Wanda aka ƙwace masa komai a kan iyaka, wane masaukin haya ne zai karɓe shi? Irin wannan ya fita daga babin liyafa, ya shiga babin ceton mai lalura, kuma malamai ba su saɓa ba cewa ciyar da wanda yunwa ke neman halaka shi farilla ce a kan jama'a: idan wasu suka yi ta faɗi a kan saura, idan kowa ya ƙi, duk wanda ya sani kuma yake da iko ya yi laifi. Amsar tambayar dattijonmu ke nan. Alhakin mutumin nan yana wuyan duk wanda ya tsallake ƙafarsa ya shiga sahu.

Haka Sayyidina Umar (R.A.) ya fahimta. A shekarar Toka, wajen shekara ta 18 bayan Hijira, fari ya koro mutanen daji suka kewaye Madina, kamar yadda makiyaya suka kewaye garuruwanmu a 1984. Ya sa aka kafa tukwane ana dafawa ana rabawa, ya aika wa gwamnoninsa su turo abinci, shi kansa ya haramta wa kansa man shanu har sai jama'a sun samu. An kuma ruwaito cewa ya ware wani gida da ake ajiye gari da dabino da zabibi domin matafiyin da guzurinsa ya yanke.

Zakka tana da rabo a nan. Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa mutum takwas da ake ba zakka, na ƙarshensu shi ne ibnus sabil, wato matafiyin da hanya ta yanke masa. A mazhabarmu ta Malikiyya ana ba shi abin da zai kai shi garinsu ko da mawadaci ne a can, da sharaɗin tafiyarsa ba ta saɓon Allah ba ce, kuma in mawadacin ne, bai sami mai ba shi rance ba. Idan kuwa ya yanke shawarar zama a cikinmu kuma ba shi da abin da zai ishe shi, ya shiga sahun faƙirai da miskinai, babu sharaɗin sai an haife shi a garin. Hatsinmu kuma, da yake ruwan sama ne ke shayar da shi, ushiri ake fitarwa, ɗaya cikin goma, idan ya kai nisabi, wato wasƙi 5, daidai da sa'i 300. Mai dami 100 zai fitar da 10. Ina tambaya, a cikin goman nan, dami nawa ne yake isa ga baƙo? Sau da yawa zakkar takan ƙare tsakanin suruki da aboki da wanda ake jin kunyarsa.

Abu biyu kuma a kiyaye. Ba a gina ɗakin baƙi da zakka, domin haƙƙi ce da ake mallaka wa mutum a hannunsa. Gini sai da sadaka ko wakafi. Kuma wanda baƙo ya kasa biyansa kuɗin haya, ba ya halatta ya ce ya yafe ya lissafa a zakkarsa, domin malamanmu sun ce lissafa bashin da ke kan matalauci a matsayin zakka ba ya isarwa. Ya yafe don Allah, sa'an nan ya fitar da zakkarsa daban.

Wani zai ce, da yawa cikin masu wucewa ba Musulmi ba ne. Gaskiya ne ba a ba su zakkar faƙirai, amma sadakar ganin dama da ruwa da inuwa da magani duk halal ne, kuma da lada. Aya ta 8 ta Suratul Insan ta yabi masu ciyar da miskini da maraya da kamamme, alhali kamammun wancan lokaci ba Musulmi ba ne. Yunwa ba ta tambayar addini kafin ta kama mutum.

Haya Da Farashi

Ba kowane baƙo ne ke neman kyauta ba. Akwai malamin makaranta da aka turo daga wata jiha, da ma'aikacin asibiti, da makiyayin da dabbobinsa suka ƙare ya shigo gari da iyalinsa, da ɗan ciranin da ya dawo da ɗan abin hannunsa. Waɗannan ɗaki suke nema da araha da abinci a kan farashin gaskiya, kuma a nan ne, wallahi, muka fi yin rauni.

Karɓar kuɗin haya halal ne, da sharaɗin a san kuɗin a san lokacin. Abin da ba ya halatta shi ne farashi biyu, na ɗan gari da na baƙo. Na taɓa raka wani yaro neman ɗaki, mai gidan ya faɗi kuɗi, da ya ji harshen yaron ya gane ba ɗan nan ba ne, sai ya ce ya yi mantuwa, ya ninka. Ɗakin kuwa ko ƙyaure babu. Malamanmu suna kiran wanda bai san farashi ba ya miƙa amanarsa ga mai sayarwa mustarsil, sun ce cutar da shi haramun ce, kuma yana da damar warware cinikin. Manzon Allah (S.A.W.) ya hana tarbar fatake a hanya a saye kayansu kafin su iso kasuwa su san farashi, ya kuma hana ɓoye abinci don ya yi tsada. Dillalin da ke tare makiyayi a bayan gari ya karɓe masa rago a wulaƙance, da mai sito da ke rufe hatsi sai damina ta yi tsakiya, da mai tuwon da ke rage malmala in ta ga baƙuwar fuska, duk su karanta wannan da kyau. Neman kuɗin watanni da yawa a dunƙule daga wanda jiya ya sauka, ko da ciniki ya inganta, ba halin Ansaru ba ne.

Kakanninmu sun fi mu sanin wannan, kuma ba su yi asara ba. A zangunan Hausawa na Kurmi, irin su Kumasi da Sabon Zango na Ankara da Sabo ta Ibadan wadda aka kafa a 1916, akwai mai gida, wanda a wasu wurare ake kira fatoma. Falke ya sauka wurinsa, ya ba shi ɗaki da tuwo, ya ajiye masa kuɗinsa, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa in an ci bashinsa. Ba ya karɓar kuɗin kwana, ladansa yana cikin la'adar ciniki. Falken da ya ji daɗi baɗi zai dawo da ƴan'uwansa. Da wannan tsari ne kasuwancin goro da shanu ya tsaya shekara da shekaru. A kusa da mu ma, lokacin da ƴan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallako jihar Maraɗi a 2019, talakawan ƙauyukan yankin Gidan Rumji ne suka fara buɗe musu gidajensu kafin wata ƙungiya ta iso, kamar yadda mutanen Difa suka yi wa waɗanda rikicin Borno ya koro.

Abin Da Masallaci Zai Iya

Shawarata ga kwamitocin masallatai ba ta buƙatar kuɗin waje. A sami ɗaki ɗaya ko rumfa mai ƙofa kusa da masallaci, da randa da tabarma da makewayi, a yi shi wakafi. A rubuta gidaje 30 na unguwa, kowane gida ya fitar da akushi ɗaya sau ɗaya a wata. Wannan ciyayyar da muka gada ce, tsari kawai aka ƙara mata. Da kaka, a ware wani abu na sadakar hatsi, ko tiya-tiya ce, a ajiye wurin amintattu biyu, a riƙa faɗa wa jama'a abin da ya shiga da abin da ya fita. Masu ɗakunan da ke rufe, waɗanda ƴaƴansu suka tafi cirani, su sanar da liman, a ba wanda ya zo zama a kan kuɗi mai sauƙi, ko ya biya da aikin gona ko yaɓen ɗakin, muddin an fayyace aikin tun farko. Sa'an nan, kamar yadda aka yi wa Abdurrahman, a nuna masa kasuwa: wani ya ɗauke shi aikin gini, wani ya ba shi kurar ruwa, wani ya tsaya masa wurin mai ba da kaya.

Na san abin da ke zukatan wasu, shi ne tsoro. Zamani ya lalace, kuma ba duk wanda ya yi sallama ne mutumin kirki ba. Wannan tsoro yana da tushe, shari'a kuma ba ta ce mutum ya kwantar da wanda bai sani ba a tsakiyar iyalinsa ba. Hausawa sun ce ba baƙo ruwa ka sha labari. A ba shi ruwan, a ji daga ina yake, ina za shi, a kai sunansa wurin mai unguwa ko maigari. Ɗakin masallaci ya fi tsare gari a kan barin mutane suna kwana a kangaye ba wanda ya san su.

Shi ma baƙo akwai abin da ke kansa, kuma wannan a karanta wa samarinmu masu shirin tafiya. Hadisin da ya ba shi kwana uku shi ne ya hana shi zama har ya ƙuntata wa mai masaukinsa. Ya ci abin da aka ba shi ba tare da raini ba, ya runtse idonsa daga iyalin gida, ya kama aikin da ya samu, ya kiyaye dokar ƙasar da ya shiga kamar yadda Ja'afar bin Abi Ɗalib (R.A.) da jama'arsa suka zauna lafiya a Habasha ƙarƙashin Najjashi shekaru masu yawa. Namu da suka riga suka zauna a Libiya ko Aljeriya ko Najeriya, su ne Ansarun sabon zuwa. Kada ɗan Damargu ya cusa ƴan'uwansa goma a ɗaki ɗaya yana cin riba a kan kowane kai.

Saura maganar mata. Da yawa cikin waɗanda ake dawowa da su mata ne da goyo da yara ƙanana, kuma ɗakin masallaci ko zauren maza bai dace da su ba. Waɗannan a miƙa su ga dattijan mata na unguwa, a zaɓi gida ɗaya ko biyu da aka amince da su, a ƙara wa gidan hatsi daga abin da aka tara, kada nauyin ya faɗa kan tsohuwa ɗaya. Yaran kuma a sa su makarantar allo tare da namu tun makon farko, in akwai mara lafiya a kai shi asibiti kafin a tambayi uwarsa ranar tafiyarta. Hukuncin tsintaccen yaro da wanda ya rabu da iyayensa a hanya yana da tsawo, za mu kawo shi a darasi mai zuwa in Allah Ya yarda.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.